Farautar barewa a Wiskonsin: me ya sa mai baka yake da watanni, mai bindiga kwana tara?

Baƙon Madison ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina zaune a jihar Wiskonsin ta Amurka, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar farautar barewa a wannan ƙasa su warware mini wata gardama da ke tashi kowace shekara da zarar ganyen itatuwa ya fara ja. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana buɗe farauta da baka da kibiya tun daga tsakiyar Satumba, ba ta rufewa sai farkon Janairu, alhali babbar farautar bindiga kwana tara ce kawai, wadda ke farawa ranar Asabar ɗin da ta gabaci bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Masu bindiga, waɗanda yawansu ya haura rabin miliyan, suna cewa an tauye musu haƙƙi, domin kafin ranarsu ta zo masu baka sun riga sun tsince manyan mazaje masu ƙaho. Su kuma masu bakan da ake ja da hannu, kukansu a kan baka mai kunama yake, wato wanda ake ɗanawa tun kafin dabba ta zo, a kafa shi a kafaɗa, a duba ta madubin saiti, a danna. Tun shekarar 2014 aka ba kowa damar amfani da shi tsawon kakar baka, kuma har yau ba a daina jayayya a kan hakan ba.

Abin da nake so in fahimta shi ne, da wace hujja aka ba wani makami fiye da wata uku, wani kuma mako ɗaya da kwana biyu? Baka mai kunama kuma, tare da baka ya kamata a lissafa shi ko tare da bindiga? Ina tambaya ne domin ina da niyyar yin kwas ɗin koyon farauta da jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau, sannan in yanki lasisi. Burina nama ne ga iyalina, ƙahon da ake ratayewa a bango bai dame ni ba, kuma ba na so in sayi makami bisa zugar ɓangare ɗaya.

Tsohon Maharbi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni maƙwabcinka ne a Mishigan, inda tsarin ya yi kama da naku: baka daga 1 ga Oktoba zuwa 14 ga Nuwamba, bindiga daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba, sannan baka ya sake dawowa a Disamba. Na daɗe ina harbi da bakan hannu, saboda haka ka san daga wane ɓangare maganata take fitowa.

Doguwar kakar baka ciniki ne aka ƙulla tsakanin maharba da hukuma, kuma ba a gane cinikin sai an koma baya. A wajajen shekarar 1900 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, saboda sare dazuzzuka da kuma masu harbi don kai nama da fata kasuwa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba a duk faɗin ƙasar, ga shi yau ana maganar kimanin miliyan 30. Dokoki ne suka dawo da ita: an hana sayar da naman dawa, an taƙaita kwanakin farauta, kuma a wurare da yawa an hana taɓa mata gaba ɗaya. Gajeriyar kakar bindiga daga wannan zamani ta samo asali, domin bindiga tana kashewa daga nisan mita 100 ko 200, kuma idan dubun dubatar mutane suka shiga daji da ita rana ɗaya, 'yan kwanaki sun isa a cire iyakar abin da garke zai iya jurewa.

Baka kuwa a lokacin kusan an manta da shi. Farfaɗowarsa ta biyo ta hannun Ishi, mutum na ƙarshe da aka sani daga ƙabilar Yahi ta Kalifoniya, wanda ya fito daga daji a 1911. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da sanɗar dabba a wurinsa, sannan shi da abokinsa Art Young suka nuna wa Amurkawa cewa kibiya tana iya kayar da manyan namun daji. Jiharka ce ta fara ware wa masu baka kaka tasu a 1934, a gundumomin Sauk da Columbia, kuma barewa ɗaya tak aka kashe a wannan karon. Da hukumomi suka ga haka, sai suka fahimci cewa za a iya barin waɗannan mutane a daji tsawon watanni ba tare da garke ya ji a jikinsa ba. Ma'anar cinikin ke nan: ka karɓi makami mai wuya, a biya ka da lokaci mai tsawo.

Wuyar kuma ta gaske ce. Dole mai baka ya bari dabba ta matso mita 20, in an yi nisa 30, alhali hancinta yana ɗauko warin mutum daga nesa matuƙar iska ta juya gare ta. Zai hau ɗan dandamalin da ake ɗaurewa a jikin bishiya tun kafin gari ya waye, ya zauna cikin sanyi ba motsi. Abin da ya fi duka wuya shi ne jan tsirkiya dabbar tana tsaye kusa da kai, domin wannan ɗan motsin na hannu da kafaɗa shi ne yake tona maharbi, kuma a nan ne mafi yawan damar da aka samu take kuɓucewa. Ko da Holless Wilbur Allen na jihar Misuri ya fito da baka mai tayoyi, wanda aka ba shi takardar mallakar ƙirarsa a 1969, kuma tayoyin suna sauke wa hannu kashi 70 ko 80 cikin 100 na nauyi idan an ja har ƙarshe, bai ɗauke wa maharbi wannan jarrabawar ba. Har yanzu sai ka ja a gaban dabbar, kuma ba za ka iya riƙewa ba sai na ɗan lokaci.

Baka mai kunama shi ne ya cire wannan jarrabawa gaba ɗaya. An ɗana shi tun a gindin bishiya, yana iya zama a ɗane daga safe har yamma, ana ɗora shi a kan matokari, kuma wanda bai taɓa riƙe shi ba yana iya koyon saiti a yini ɗaya, abin da mai bakan hannu yake shafe watanni yana nema. A Wiskonsin, kafin 2014, tsofaffi daga shekara 65 da masu lalurar jiki ne kaɗai aka yarje wa. Da aka buɗe wa kowa, cikin shekaru kaɗan mazajen da ake kashewa da shi suka zarce waɗanda ake kashewa da bakan hannu. Ba na cewa a hana shi. Dattijon da kafaɗarsa ta gaza da wanda ya sami rauni su yi ta harbi da shi daga farkon kaka har ƙarshenta. Amma ƙaƙƙarfan saurayi da ya zaɓi makami mai sauƙi bai kamata ya karɓi ladan mai wuya ba, kuma a ganina adalci shi ne a ba baka mai kunama kaka tasa, wadda ta fi ta bindiga tsawo amma ba ta kai ta baka ba.

Ɗan Kolambus ya amsa:

Baba, tarihin da ka kawo haka yake, kuma ban ƙi maganar ciniki ba, sai dai ina ganin hukuncin da ka yanke a ƙarshe yana buƙatar a auna shi da abin da ya faru a inda aka daɗe ana gwadawa. A nan Ohayo an shigar da baka mai kunama cikin farautar barewa tun 1976, kuma an daɗe da ba shi tsawon kakar baka duka, wadda take farawa a ƙarshen Satumba ta kai farkon Fabrairu. Babbar farautar bindiga tamu mako ɗaya ce, daga Litinin ɗin da ta biyo bayan bikin godiya, sai wani ƙarshen mako da ake ƙarawa a Disamba. Yau mafi yawan bareyin da ake kashewa da kibiya a jihar da baka mai kunama ake kashe su, abin da ake samu a kakar baka ya ma zarce na makon bindiga, amma garke bai rushe ba, kuma har yanzu daga jihohi masu nisa mutane suke zuwa Ohayo neman manyan mazaje.

Dalilin bai ɓuya ba. A Ohayo namiji mai ƙaho ɗaya kawai aka yarje wa mafarauci a shekara, ko da wane makami ya harbe shi. Wanda ya kayar da nasa da kibiya a Nuwamba ya gama, ba zai sake neman wani da bindiga ba. A Wiskonsin kuwa mutum ɗaya yana iya ɗaukar namiji da lasisin baka, ya dawo ya ɗauki na biyu da lasisin bindiga. Idan kukan masu bindiga shi ne ana tsince mazaje kafin su iso, to a gyara adadin da aka yarje wa kowa, wannan ya fi kusa da tushen matsalar fiye da rarraba mutane bisa siffar abin da suke riƙe da shi.

Akwai kuma abin da ya kamata a tuna. Irin maganganun da ake yi wa baka mai kunama yau, su aka yi wa baka mai tayoyi a shekarun 1970, lokacin da masu bakan gargajiya suka ce inji ne, bai cancanci kakarsu ba. Yanzu mai bakan tayoyi yana da abin auna nisa na lantarki, da ƙugiyar sakin tsirkiya, da kyamarar da take aiko masa hoton barewa a waya, saboda haka iyakar da aka ja tsakanin mai wuya da mai sauƙi ta daɗe tana matsawa.

Maganar cewa baka mai kunama bindiga ce kuwa, lissafi bai goyi bayanta ba. Kibiyarsa tana gudun mita 110 zuwa 150 a daƙiƙa, sauti kuma yana gudun mita 340, wato ƙarar harbin tana isa kunnen barewa kafin kibiyar, kuma idan nisan ya yi yawa tana da lokacin da za ta durƙusa don zabura, kibiyar ta wuce ta sama ko ta same ta a inda ba a nufa ba. Harsashin babbar bindiga ya fi sauti gudu, don haka dabba ba ta samun wannan dama. Duk abin da kamfanoni suke tallatawa na harbi daga mita 90, mai hankali ba ya wuce mita 35 ko 40 a kan dabba mai rai. Har yanzu sai ya karanci iska, sai ya zauna shiru, sai ya bi sawun jini.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka kuma sani cewa kuɗin kula da namun daji a ƙasar nan daga aljihun mafarauta yake fitowa, ta hanyar lasisi da kuma dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda take karkatar da harajin kashi 11 cikin 100 na bindigogin farauta da harsasai zuwa hukumomin jihohi, kuma a 1972 aka shigar da kayan baka cikinta. Mafarauta suna tsufa, yawansu yana raguwa. Makamin da zai riƙe mai shekara 60 a daji, ya shigo da yarinya 'yar shekara 12 da ma'aikacin da ba shi da sa'o'in atisaye kullum, hukuma ba za ta kore shi ba, shi ya sa Mishigan da Fensilbeniya suka sassauta dokar baka mai kunama a 2009, Minesota kuma ta biyo baya a 2023.

Ɗalibar Gandun Daji ta amsa:

Ina gaishe ku duka. Karatuna a fannin kula da dazuzzuka da namun daji yake, kuma da izinin Baba da Yaya na Kolambus zan ce dukanku kun tsaya a kan mazaje masu ƙaho, alhali yawan barewa a hannun mata yake. Duk wanda ya taɓa kiwon awaki ya san sayar da bunsuru ba ya rage garke, domin wanda ya rage zai wadatar da akuyoyin duka. Haka barewa take: namiji ɗaya yana barbarar mata da yawa, mace tana ɗaukar ciki kimanin kwana 200, ta haihu a ƙarshen Mayu ko a Yuni, kuma a ƙasar noma mai yalwar masara da waken suya tagwaye ne aka saba gani. Saboda haka tambayar da ma'aikacin hukuma yake yi ita ce mata nawa aka cire bana, kuma bai damu ba ko kibiya ce ta cire su ko harsashi.

Wannan rigima tsohuwa ce a Wiskonsin. A 1943 Aldo Leopold, malamin jami'ar jihar da ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni, kuma shi kansa maharbin baka ne, ya nace cewa bareyi sun yi wa dazuzzukan arewa yawa, suna cinye ƙananan itatuwa, suna mutuwa da yunwa a lokacin ƙanƙara, don haka dole a harbi mata. An yi hakan a wannan shekarar, kuma ya sha suka mai tsanani daga mafarauta har ƙarshen rayuwarsa. Bayan shekaru da yawa hukuma ta kawo ƙa'idar cewa a wasu yankuna sai mutum ya kashe mace kafin a ba shi izinin namiji. Ƙa'idar ta rage garke kamar yadda aka so, amma mafarauta suka ƙi jininta, har majalisar jihar ta soke ta a 2011. Tun daga nan gundumomin noma na kudu da tsakiyar jihar suke fama da yawan barewa, ana ba da takardun izinin mata kyauta tare da lasisi, ana ƙara kwanakin harbin mata kaɗai a Disamba, amma da yawa daga cikin takardun ba a amfani da su. Yawan nan kuma yana da farashi: ɓarnar gonaki, dajin da ba ya iya sabunta kansa, da haɗuran mota da barewa waɗanda a faɗin Amurka suke haura miliyan ɗaya a shekara.

Sai kuma cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita har ta mutu, wadda aka fara lura da ita a Kolorado a 1967, aka tabbatar da ita a Wiskonsin a 2002 kusa da garin Mount Horeb, yamma da inda kake zaune, Malam. Ba ta da magani, tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da ƙasar da suka gurɓata, kuma ta fi kama manyan mazaje. Wannan ya sa burin mafarauci na barin namiji ya tsufa ƙahonsa ya girma yana karo da burin likitan dabbobi na rage cunkoso.

Game da tsawon kaka, abin da ake faɗa a kansa a gaskiya makonni biyu ne na farkon Nuwamba. Raguwar hasken rana ce take tayar da barbara, kuma a jihohin arewa tana kaiwa ƙololuwa a wannan lokaci, inda babban namijin da ya saba fitowa da dare kawai yake yawo tsakar rana yana bin mata, hankalinsa ba ya kan haɗari. Wanda aka ba waɗannan kwanaki shi aka ba mazaje. Minesota tana buɗe bindiga a farkon Nuwamba, a tsakiyar barbara. Ayowa ta jinkirta manyan lokutan farautar bindigarta zuwa Disamba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ta yi suna wajen manyan ƙahoni. Wiskonsin tana tsakani, domin Asabar ɗin da take buɗe bindiga tana faɗowa tsakanin 17 da 23 ga Nuwamba, kuma tazarar kwana shidan nan tana nunawa a lissafi: a 2019, da aka buɗe ranar 23, abin da masu bindiga suka kashe ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake mummunan yanayi da masarar da ba a girbe ba sun ƙara wa abin. Da aka kawo shawarar tsawaita kakar bindiga zuwa kwana 19 a taron jin ra'ayin jama'a na 2020, mafi yawan waɗanda suka ba da ra'ayi sun ƙi, domin kwana taran nan sun zama al'ada, iyalai suna haɗuwa a bukkokin daji, wasu makarantun karkara ma suna ba da hutu.

Ra'ayina shi ne tsawaita kowace kaka ba ya ƙara yawan matan da ake cirewa yadda ake zato, domin mafi yawan mafarauta barewa ɗaya ko biyu suke buƙata a firjinsu, kuma idan an ba su kwanaki da yawa sai su yi ta jira ko babban namiji zai fito. Mutum irinka, Malam, mai neman nama, shi ne wanda jihar take buƙata.

Baƙon Madison ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yanzu na gane cewa tambayar tawa ta haɗa abubuwa biyu, rabon mazaje tsakanin mafarauta da kuma lafiyar garke. Abu ɗaya ne ya rage yana damuna, kuma shi ne zai yanke mini zaɓi. Masu adawa da baka suna cewa kibiya tana raunata dabbobi da yawa su gudu su mutu a ɓoye, kuma na san maharban ƙasarmu dafi suke shafa wa kibiya don kauce wa haka. Baba, yaya girman wannan matsala yake, kuma yaya Musulmi zai yi da dabbar da ta gudu da kibiya ba a kai ga yanka ta ba?

Tsohon Maharbi ya amsa:

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta, kuma duk maharbin da ya ce maka matsalar babu ita, kada ka karɓi shawararsa. Saboda ita ne ƙasashe suka rabu: Birtaniya ta haramta farauta da baka gaba ɗaya, Faransa kuma ta halatta shi a 1995 bisa sharaɗin samun horo. Dafi haramun ne a dokar jiharka, haka nan a kusan dukan jihohi, don haka kibiyar nan da kaifinta kaɗai take aiki. Kanta yana da wuƙaƙe biyu ko uku masu kaifin reza, kuma zubar jini ce take kashewa. Idan ta ratsa huhu biyu, dabba tana faɗuwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, galibi kafin ta yi mita 100. Idan ta sami hanta, sai an jira sa'o'i. Idan ta faɗa tumbi, mutuwar tana da jinkiri da wahala, kuma bin ta da gaggawa yana tayar da ita daga inda ta kwanta ta ƙara nisa.

An yi bincike a kan wannan. A sansanin sojan ruwa na Indian Head da ke jihar Meriland, an bi bayanan farautar baka daga 1989 zuwa 2006, aka tarar an gano kashi 82 cikin 100 na bareyin da kibiya ta sama, kuma a wurin ba a barin kowa ya shiga sai ya ci jarrabawar saiti. A wani sansanin soja da ke McAlester ta jihar Oklahoma, inda bakan gargajiya ake amfani da shi, daga cikin bareyi 22 masu na'urar bibiya da aka harba, 11 ba a gano su ba, amma uku ne kawai daga cikinsu raunin ya kashe, sauran sun warke. Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa horo da kamun kai suna rage asara sosai, kuma a wannan gaɓa zan ba Ɗan Kolambus gaskiyarsa: sabon shiga da ba shi da lokacin atisaye na watanni ya fi kyautata wa dabba idan ya riƙe baka mai kunama, matuƙar bai ruɗu da madubin saiti ya harba daga nesa ba. Ra'ayina a kan tsawon kakarsa yana nan, amma ba zan tura ka daji da makamin da hannunka bai nuna da shi ba.

Ta fuskar addini, malamai sun yi bayani a babin farauta, bisa hadisin Adiyyu ɗan Hatim da makamantansa, cewa a ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya, kuma ta huda da kaifinta. Idan ka iske dabbar da sauran rai ka yanka ta, idan ka iske ta mutu da harbinka ta halatta, sai fa in ka same ta a cikin ruwa, domin ba a san wanne ya kashe ta ba. Dabbar da ta kwana ba a gano ta ba akwai saɓani a kanta tsakanin mazhabobi, saboda haka ka zauna da malaminka kafin kaka ta buɗe. Wannan yana cikin abin da ya sa nake ba Musulmi shawarar ya fi ba farautar safe ƙarfi, domin yana da yini guda na haske don bin sawu, a maimakon harbin dab da magariba wanda sau da yawa yake tilasta jira har gobe.

Kada ka harba sai dabbar ta ba ka gefenta ko ta ɗan juya maka baya, ka saita bayan ƙafar gaba, ka kuma yi atisaye da irin kan kibiyar da za ka yi farauta da shi, daga bisa, kamar yadda za ka kasance a bishiya. Ka ɗaura igiyar tsaro tun daga ƙasa, domin faɗowa daga bishiya tana cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa. Ka fara da mace, tunda izininta yana zuwa da lasisinka a gundumarku. Kafin iyalinka su ci, ka kai kan dabbar wurin gwajin cutar da Malama ta ambata, hukumar jihar tana yin sa kyauta. Ba a taɓa tabbatar da cewa cutar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana ɗauke da ita, don haka ka ajiye naman kowace dabba daban a firji, da alama a jikinsa, har sakamako ya fito.